Malam Aminu Kano: Daga Makarantar Maru Zuwa Majalisar Ikko

Jama'ar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sun san sunan Malam Aminu Kano, amma ba kowa ya san a ƙasar Zamfara ya ajiye alli ya shiga siyasa ba.

An haife shi a birnin Kano cikin 1920. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauci, sa'an nan aka tura shi Ingila cikin 1946 ya ƙaro ilmi. Da ya komo ba a daɗe ba aka kai shi Maru, a Lardin Sakkwato, ya shugabanci makarantar horon malamai. Cikin 1950 ya bar aikin, ga albashi ga girma, ya koma Kano ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ran 8 ga Agustan shekarar. Cikin 1953 ya zama shugabanta.

Kiransa ɗaya ne: a daina zaluntar talaka, a gyara mulkin En'e, a bar mata su yi ilmi su jefa ƙuri'a. Wannan kira ya bi hanyar jirgin ƙasa har Gusau da Ƙaura, magoya bayansa kuwa sun sha ɗauri saboda shi.

Kujera ba ta zo masa da sauƙi ba. A zaɓen 1954 Maitama Sule na jam'iyyar NPC ya kayar da shi. Bai yi zuciya ba, sai a 1959 mutanen Kano ta Gabas suka aika da shi Majalisar Wakilai ta Ikko. Daga nan ya shiga cikin wakilan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, can Amurka. A 1964 kujerar ta kuɓuce masa. Ya riƙe kwamishinan tarayya zamanin Janar Gowon, ya kafa jam'iyyar PRP a 1978, ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, bai tara dukiya ba.

Shekara biyar kaɗai ya yi a Majalisar, amma ya ga abin da ya nema da idonsa: matan Arewa sun sami ikon jefa ƙuri'a a 1976.

To, jama'a, in mai neman wakilci ya zo ƙofarku, ku tambaye shi abin da zai iya bari dominku. Allah ya ji ƙan Malam, amin.