Inda Ruwa da Tururi Suke Zama Abu Guda

Duk wanda ya taɓa ɗora tukunya bisa murhu ya san ruwa yakan zama tururi, tururin kuma ya koma ruwa a jikin marfi. Amma wannan kai-da-komo yana da iyaka, kuma sai a ƙarni na 19 masana suka gano ta.

A shekarar 1822 wani Bafaranshe, Cagniard de la Tour, ya zuba barasa a cikin bututun bindiga, ya jefa ɗan ƙwallon ƙanƙara, ya toshe bakin, ya shiga gasa shi. Idan ya karkata bututun yakan ji ƙwallon ya faɗa cikin barasar, tsundum. Da zafi ya kai wani matsayi, sai wannan ƙara ta ɗauke. Ashe babu sauran saman ruwa da ƙwallon zai fasa, domin barasar da tururinta sun zama abu guda.

Dalili kuwa shi ne, a rufaffen mazubi, zafi yana sa ruwa ya kumbura ya rage nauyi, tururin da ke samansa kuma ya cunkushe ya ƙara nauyi. Da zarar nauyinsu ya zo daidai, sai iyakar da ke tsakaninsu ta ɓace. Wannan matsayi za a iya kiransa magaryar tuƙewa. Thomas Andrews na birnin Belfast shi ya fayyace al'amarin a 1869, da iskar nan mai sa lemon kwalba kumfa. Ya nuna cewa idan zafinta ya haura digiri 31 na santigireti, kome matsin da aka yi mata ba za ta koma ruwa ba. Magaryar ruwan sha kuwa tana digiri 374, da matsi wajen ninki 218 na matsin iskar duniya.

Wannan ya warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Sun yi ta matsa iskar oksijin ta ƙi komawa ruwa, har suka ɗauka halinta ke nan. Ba su san magaryarta tana wajen digiri 119 ƙasa da sifiri ba, watau sanyi take bukata kafin matsi. Sai a 1877 aka shawo kanta. Shi ya sa tukunyar gas ta girki, idan aka girgiza ta, ake jin ruwa yana motsi, amma ta oksijin da ke gefen gadon majinyaci, shiru kake ji.