Haɓon da Ya Ƙi Tsayawa: A Gwada Jini Kafin a Kira Wanzami

A ƙasar Ruma, daga Batsari har Safana, idan yaro ya yi haɓo akan ce zafin rana ne, a zuba masa ruwa a ka. Galibi ba abin tsoro ba ne. To amma akwai haɓon da ke zuwa da 'yan rakiya: dasashi na jini, kwanciyar jini a cinya ko hannu ba tare da an buge ba, da ɗige-ɗige ja kamar tsinin allura. A baƙar fata ɗigon ba ya fitowa sosai, sai an leƙa cikin baki. Wannan ba maita ba ce. Yana iya zama ciwon da likitoci ke kira ITP.

Cikin jininmu akwai ƙananan ƙwayoyi da ɓargo ke ƙerawa, ana ce musu filatilet, su ke toshe rauni har jini ya tsaya. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita. A mai wannan ciwo sukan faɗo ƙasa da 100,000, wani ma ƙasa da 10,000. Dalili kuwa garkuwar jikinsa ce ta rikice, kamar mai gadin da ya ɗauki ɗan gida ɓarawo: tana haɗa sinadaran da ke manne wa ƙwayoyin, saifa kuma ta bi ta cinye su. A 1950 wani likita a Amurka, William Harrington, ya sa aka ƙara masa jinin mai ciwon, nasa ƙwayoyin suka zube cikin sa'o'i. Ganganci ne, amma da shi aka gane inda ɓarnar take.

Ciwon ba ya yaɗuwa. Yara kan same shi 'yan makonni bayan mura ko wani zazzaɓi, yawancinsu kuma su warke cikin watanni. A manya ya fi daɗewa, musamman mata, inda jinin al'ada kan zarce kima.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da muke yi da hannunmu. Kaciya, cire beli, ƙaho da tsaga duk buɗe wa jini ƙofa ne ga wanda ba shi da abin rufewa. Haka asfirin, ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis, ƙara zubar suke yi. In ciwon jiki ne, farasitamol ya isa.

Zazzaɓin cizon sauro, cutar HIV, sankarar jini da zazzaɓin Lassa ma suna rage waɗannan ƙwayoyi, don haka ido ba ya raba gardama, sai gwajin ƙidayar jini. A fara da Babban Asibitin Batsari, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akwai magani, kamar prednisolone, amma likita ne ke yanka yawansa.

Na san halin da hanyoyinmu ke ciki. Duk da haka, in aka ga baƙin bayan gida, jini a fitsari, matsanancin ciwon kai ko amai bayan buguwa a ka, kada a bari a kwana. Masu juna biyu kuma ku nemi a duba muku wannan ƙidaya tun a wajen awo.