Daga Sabon Gari zuwa Dangwauro: Yadda sabbin dokokin magani suka shafi mutanen Rano da Kibiya

A yawancin ƙauyukan Rano da Kibiya, idan zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, ba asibiti ake fara nufa ba, ƙofar mai kemis ake bugawa. Shi ya sa duk dokar da aka yi a Abuja kan magani take isowa har Rurum da Tarai, ko da mutanen can ba su taɓa jin sunanta ba.

Shekara da shekaru, masu kemis na wannan yanki daga kasuwar Sabon Gari a birnin Kano suke saro kaya. A can ana jibge magani a rumfuna da ɗakuna masu zafi, mai kyau da na jabu a haɗe. Zafi kuwa yana rage ƙarfin magani ko da ingantacce ne, musamman allurai da magungunan ruwa na yara.

A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar Hukumar Kula da Harkar Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, PCN. Dokar ta maye gurbin ta 1992, ta kuma ƙarfafa ikon hukumar kan duk wurin da ake sayar da magani, har ƙananan kemis na ƙauye.

A 2023 aka buɗe cibiyar sarin magunguna a Dangwauro, kan hanyar Zariya, irinta ta farko a Najeriya. 'Yan kasuwa da dama sun ƙi komawa, maganar ta kai kotu. A Fabrairun 2024 Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ce su tashi, nan take hukumar NAFDAC da PCN suka rufe shaguna 1,321 a Sabon Gari da kewaye.

Ga mai kemis na Rano ko Kibiya, sauyin ya zo da sauƙi ta fuskar tafiya. Wanda ya biyo ta Bunkure ya fito titin Zariya zai isa Dangwauro kafin ya shiga cunkoson birni. Kuma a cibiyar akwai idon hukuma a kan abin da ke shiga da fita, saboda haka idan magani ya yi illa, ana iya bin sawunsa zuwa wanda ya kawo shi.

Dokar ta kuma fayyace iyakar mai kemis. Lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, kamar farasitamol, haɗin gishiri da sukari na gudawa, da maganin zazzaɓin cizon sauro. Yin allura da ƙarin ruwa ba aikinsa ba ne. Sai dai a ƙauyen da asibiti ke da nisa, ko babu ma'aikaci da dare, jama'a da kansu suke matsa masa ya yi. Matuƙar ƙananan asibitoci ba su da ma'aikata da magani, bin wannan ƙa'ida zai yi wuya.

Akwai kuma batun kayan maye. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a cikin gida, bayan binciken BBC da ya nuna yadda yake lalata matasa, har da na Kano. Tiramadol kuwa, mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai aka amince da shi, shi ma sai da takardar likita. Duk wanda ya wuce haka haramtacce ne. Wannan ya shafi yankin noma irin namu, inda wasu matasa ke shan ƙwaya wai don su jure aikin gona.

Tsada ita ce ta fi damun magidanta. Faɗuwar darajar naira da sanarwar ficewar kamfanin GSK a 2023 sun ɗaga farashin magunguna da dama. A Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji na shekara biyu daga injina da kayan da kamfanonin gida ke shigowa da su don haɗa magani da kayan asibiti irin su sirinji. Kamfani ne ke fara cin moriyar wannan, sai ya rage farashi kafin sauƙin ya iso Kibiya.

Kafin nan, mai saye yana da abin da zai kare kansa da shi. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Idan akwai wurin kankarewa, a kankare a tura lambar ta saƙon waya don a tabbatar da sahihancinsa. A guji maganin da ake talla a faranti ko a baro cikin rana ranar kasuwa. Idan kuma zazzaɓin yaro bai sauka ba bayan kwana biyu, ko ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, a bar kemis a nufi asibiti.