YADDA ƘWAƘWALWA TAKE RIƘE KARATU

Sau da yawa mukan ji uba yana cewa, "Wannan yaro daƙiƙi ne. An koya masa abu jiya, yau ya manta." Wani har yakan cire ɗansa daga makaranta saboda haka. To, 'yan'uwa, kafin mu yanke wa yaro wannan hukunci, ya kamata mu san yadda ƙwaƙwalwa take ɗaukar abu, da yadda take sakinsa. In mun sani sai mu sanar da 'ya'yanmu, tun ba ma 'yan shekara 11 zuwa 14 ba, watau masu gama firamare da 'yan ƙaramar sakandare. A lokacin nan ne darussa suke yi musu yawa, ga kuma jarrabawa.

Abin da ke cikin kai

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum bai cika kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. A cikinta akwai waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Yawansu ya kai wajen biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa kamar saiwar itace, da su take karɓar saƙo, ta kuma aika wa 'yan'uwanta.

Duk sa'ad da muka koyi sabon abu, saƙo yakan bi wata hanya a tsakanin ƙwayoyin nan. Mu kwatanta da hanyar ƙafa a daji. Ran da mutum ɗaya ya ratsa, ciyawa kawai ya kwantar, gobe ta miƙe. In ana bi kullum sai ta zama turba, ko da dare ba a ɓata. In kuwa aka daina bi, damina ɗaya ta isa ta rufe ta. Haka tunawa take, haka kuma mantuwa take.

Faifai da rumbu

Wurin ajiya a cikin kai iri biyu ne. Na farko kamar faifai yake, kaɗan yake ɗauka, na ɗan lokaci. A 1956 wani masani a Amurka, George Miller, ya ce abin da mutum yake iya riƙewa haka a lokaci guda wajen bakwai ne. Masanan baya sun ce sau da yawa ma bai wuce huɗu ba. Shi ya sa in an ba mu lambar waya mai alƙaluma 11, mukan yanka ta gida uku kafin ta zauna. Na biyu kamar rumbu yake, yana riƙe abu shekara da shekaru.

Akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne kamar tsawon ƙaramin yatsa. Masana suna kiransa hifokamfas. Shi ne mai kwashe abu daga faifai zuwa rumbu. Ga yadda aka gane aikinsa. A 1953 aka yi wa wani saurayi Ba'amurke, Henry Molaison, aiki a ka saboda farfaɗiya mai tsanani, aka cire masa mafi yawan wannan sashe, dama da hagu. Farfaɗiyar ta ragu, amma daga ranar bai ƙara ajiye sabon labari ba. Yana tuna ƙuruciyarsa, amma in ka gaisa da shi ka fita, ka dawo jim kaɗan, sai ya karɓe ka kamar baƙo. Haka ya zauna har ya rasu a 2008.

Wata masaniya, Brenda Milner, ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir, yana duban hannunsa ta madubi kaɗai. Kullum hannunsa yana ƙara gwaninta, shi kuwa bai tuna ya taɓa yi ba. Ashe abin da hannu ya koya, kamar saƙa ko hawan keke, wurin ajiyarsa dabam ne.

Mantuwa ba daƙiƙanci ba ce

A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna abin da ya rage. Bayan awa ɗaya fiye da rabi ya zube. Bayan kwana ɗaya abin da ya rage wajen sulusi ne. Amma ya ga duk sa'ad da ya koma ya yi bita, zubewar takan ragu. Kun ga ke nan mantuwa halin kowane kai ne, har da na masana. Yaron da ya manta karatun jiya lafiyarsa ƙalau, bita ce bai yi ba.

Malamanmu na allo sun daɗe da sanin wannan. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya da ka, kuma wanda ya yi hadda ba ya barin tilawa, don ya san in ya bari za ta gudu.

Abin da za mu koya wa yaro

Na ɗaya, ya rarraba bita. Minti 20 yau, minti 20 gobe, minti 20 bayan mako, sun fi awa guda a daren jarrabawa. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, ya rufe littafi ya tambayi kansa. Maimaita dubawa yakan sa yaro ya zaci ya iya, alhali idonsa ne kawai ya saba da shafin. Ƙoƙarin jawo abu daga rumbu shi ne yake taka turbar. Ko uwar da ba ta yi nisa a karatu ba tana iya cewa, "Zo ka gaya mini abin da aka koya muku yau."

Na uku, ya ɗaura sabon abu a jikin wanda ya sani. In ana koya masa rabi da rubu'i, a ba shi rake ya raba wa ƙannensa.

Na huɗu, ya sami barci. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa take ƙarfafa abin da aka koya da rana. Likitoci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuwa awa 8 zuwa 10. Kada a bar shi da waya har tsakar dare, kada kuma ya tafi makaranta da yunwa.

Na biyar namu ne, mu iyaye. Tsoro mai yawa yana hana abu fitowa daga rumbu. Yaron da aka tsaya a kansa da bulala yakan rasa amsar da ya sani sarai.

Mu manya fa?

Kada wani ya ce ya tsufa, kansa ba ya ɗauka. A shekarar 2000 wata masaniya a Landan, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin, waɗanda tilas ne su haddace dubban tituna kafin a ba su lasin. Ta tarar ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin nasa ya fi. Dukansu kuwa da girmansu suka koya. Gemu ba ya hana ilmi.

Ku gwada a gida

Ku rubuta kalmomi goma a takarda ɗaya, goma a wata. Ta farko yaro ya karanta sau shida a zama ɗaya, ya ajiye. Ta biyu ya karanta sau biyu kowace rana har kwana uku, kowane lokaci yana kife takardar yana faɗa da ka. Bayan mako guda ku tambaye shi duka biyun, ku ƙirga tare. Ku ma ku yi naku tare da shi. Abin da yaro ya gani da idonsa ya fi wanda aka gaya masa zama.