Nonon Fadamar Rima: Tsamin da Ba Ya Neman Sukari

Wanda ya san fura a Birnin Kebbi ko Argungu ba ya bari a zuba sukari kafin ya kai ludayin farko baki. A kurɓin nan yake gane ko nonon na jiya ne ko na shekaranjiya, ko an cire masa mai, ko an yi masa ƙarin ruwa, ko geron ya sha surfe yadda ya kamata. Nono nagari yana da tsami, amma tsami ne mai tsabta, wanda zai taɓa gefen harshe ya wuce, ya bar ɗan maiƙo da ƙanshin man shanu. Wanda ya ɓaci kuwa maƙogwaro yake kamawa, ya bar ƙarni ko bauri. Iya tsayar da nono a daidai wannan gaɓar sana'a ce, ta mata, kuma a ganina tana cikin sana'o'in ƙasar Kabi da aka fi rainawa alhali kowa yana cin moriyarta.

Hannu biyu ne ke haɗa ƙwarya guda. Akwai Bafulatanar da ke fitowa daga ruga da nono a ka, akwai kuma matar gari da ke dakan dawo a cikin gida ta aika yara talla. Sau da yawa mace ɗaya ke ɗauke da duka biyun. A al'adar ruga, ko maigida ne ya tatsa ko ita, madarar da ta shiga ƙwarya ta zama ta matar. Da kuɗin take cefane, take sayen sabulu da gishiri, take tara wa ɗiyarta kayan ɗaki. Shi ya sa ba ta wasa da sunan nononta. Idan aka san ta da nono mai kyau a wata unguwa, kafin azahar ta karkaɗe ƙwarya ta kama hanyar gida.

Amma tun kafin hannunta, ɗanɗanon yana farawa ne daga bakin saniya. Gulbin Rima, bayan ya haɗu da na Sakkwato, yana gangarowa ta Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi ruwan Zamfara a wajen Bunza, sannan ya faɗa Kwara. Duk tsawon nan fadama ce shimfiɗaɗɗiya wadda ruwa ke rufewa da damina. Idan ya janye sai ya bar ɗanyar ciyawa, musamman burugu, a lokacin da tudu ya riga ya bushe ƙurmus. Wannan ciyawar ita ke jawo garkuna zuwa bakin gulbi duk rani tun zamanin kakanni. Bokoloji, saniyar ƙasar Sakkwato mai gajeren ƙaho da aka sani da yawan nono, da jajayen Rahaji masu dogon ƙaho, da farfarun Bunaji, duk a nan suke cin rani.

Saboda haka nonon shekara ba iri ɗaya ba ne. Da damina shanu suna tudu, ciyawa ta wadata, madara ta yi yawa har ta yi arha, sai dai ruwa-ruwa take. Da kaka, in an girbe gero aka saki dabbobi a gonaki suna cin kara da ragowar harawa, madarar takan ragu amma ta yi kauri. Idan hunturu ya shigo sai abu ya kai inda ake so. Ƙwayoyin halittar da ke mayar da zaƙin madara tsami ba sa gaggawa cikin sanyi, don haka nonon yakan kwana ya kama a hankali, ya daskare sumul ba tare da ya tsinke ba. A wurina babu nonon da ya kai na tsakanin kaka da ƙarshen hunturu. Bazara ita ce jarrabawar mai sana'a. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Birnin Kebbi, shanu sun rame, abin da ake tatsa bai taka kara ya karya ba, kuma wanda aka samu yana iya wuce gona da iri kafin a iso kasuwa. Macen da ta iya kawo nono mai daɗi a wannan lokacin, ita ce gwana.

Aikin da kansa ba shi da kayan aiki masu yawa. A tace madara, a dafa ta in kindirmo ake so, a bar ta ta huce, a ɗiga mata kaɗan daga nonon jiya, a rufe da faifai a ajiye inda iska ba ta kaɗawa. Sirrin yana cikin abubuwan da ba a aunawa: yawan abin da za a ɗiga, ɗumin madarar a lokacin, da kuma ƙwaryar kanta. Tsohuwar ƙwaryar da ta saba da nono, wadda ake wankewa a shanya a rana kullum, tana riƙe da irin tsamin gidan, shi ya sa nonon wata ruga ya bambanta da na maƙwabciyarta ko da shanunsu fadama ɗaya suke kiwo. Kindirmo shi ne wanda ba a taɓa mansa ba. In aka zuba a gora aka kaɗa har mai ya taso aka kwashe, abin da ya rage shi ne nonon da aka fi dama fura da shi. In aka sirka shi da ruwa ya zama tsala. Kowanne da kuɗinsa da masu sonsa, kuma babu laifi a sayar da tsala muddin an kira ta da sunanta.

Dawo kuma nasa wahalar daban ce. Gero ake so mai nauyi, irin na tudun Arewa da Dandi, wajen Kangiwa da Kamba. A surfa, a bakace dusa, a wanke, a bar shi ya tsane, a daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a tankaɗe, a cura manyan dunƙule a jefa cikin tafasasshen ruwa. In ya nuna sai a mayar turmi a kirɓa da zafinsa. A kirɓin nan ake gane mace. Wadda ta yi ha'inci, furarta gari-gari za ta yi a baki, ta kwanta a gindin ƙwarya ta bar nono a sama. Wadda ta ba turmi haƙƙinsa, dawonta zai yi danƙo, ya narke cikin nono su zama abu ɗaya. Yaji kuma ba a so ya yi kururuwa. Aikinsa ya biyo bayan tsamin ne, ya ɗumama ƙirji bayan an haɗiye. Injin niƙa ya rage wa mata wahala ƙwarai, ba na ƙyashin hakan, amma har yau bai maye gurbin taɓarya wajen kirɓi ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda harshenmu ya canza. Kakanninmu da nono kaɗai suke damu, mai hali ya sa zuma. Yanzu yaro zai tsaya gaban mai fura ya ce, "Inna, a cika sukari, a sa ƙanƙara," bai ko tambayi irin nonon ba. Sukari da sanyi suna rufe kowane aibi. A ƙarƙashinsu ne algus ya sami wurin ɓuya: nonon da aka cika da ruwa aka kaurara da garin 'ya'yan kuka, ko madarar gari ta buhu, wadda galibi an cire mata manta an musanya da man itatuwa, a dama a kwana da ita a kira ta kindirmo. Ba na ɗora laifin duka a kan masu sayarwa. Mai saye ne ya ƙi biyan kuɗin nono na gaske, ya kuma daina bambancewa. Idan wadda ta yi gaskiya da wadda ta yi algus kuɗi ɗaya za su samu, ba a daɗe ba gaskiyar za ta gaji.

Wasu al'ummu sun fahimci wannan tun da wuri a kan abin shansu. A Jamus, manoman gangaren kogunan Rhine da Mosel suna da wani farin inabi mai suna Riesling, wanda sunansa ya bayyana a rubuce tun 1435. Giya suke yi da shi, abin da addininmu ya haramta mana, don haka ba abin shan ne ya dame ni ba, tsarin ne. Masanansu suna girmama nau'in da ba shi da zaƙi, domin a cikinsa ne tsami mai tsabta da ɗanɗanon ƙasar da inabin ya fito suke bayyana. Doka ta kuma tsaya musu: ba a rubuta wa kwalba cewa marar zaƙi ce sai sukarin da ya rage a cikinta bai wuce giram 9 a lita ba, kuma ana rubuta yankin da aka noma da shekarar girbi. Manomi mai gaskiya yana samun ladan gaskiyarsa a farashi. Mu kuwa muna da halal mai gina jiki, mai ɗanɗanon fadamarsa da lokacinsa, amma ko ma'aunin da zai raba kindirmo da damammiyar madarar gari ba mu da shi a kasuwa.

Fadamar ma tana ƙara matsewa. Madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo sun sauya yadda ambaliya ke zuwa da tafiya. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafar rani ya bunƙasa, masana'antu irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suka buɗe wa manomi kasuwa. Alheri ne babba, gidaje da yawa sun tashi da shi. Sai dai inda burugu yake a da, yanzu injin ban-ruwa ne ke ruri, kuma hanyoyin da shanu ke bi su sha ruwa sun zama kunyoyi. Ga kuma satar shanu da ta addabi yankin Augie da Arewa a 'yan shekarun nan. An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024. In har za ta yi wa Kebbi wani abu, to ta fara da keɓe makiyaya da burtali a cikin fadama tare da masarautun Gwandu da Argungu, domin su ne suka san wa ke da wane fili.

Su ma masu sana'ar akwai gyara a wuyansu. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko tarin fuka da cutar bakkale daga saniya zuwa mutum, kuma ruwan da ake wanke ƙwarya ko ake sirki da shi ya kamata ya zama mai tsabta. Dafa madara ba ya kashe daɗin nono, kindirmo shaida ne. Ƙaramin wurin sanyaya madara mai aiki da hasken rana a kusa da rugage zai ceci abin da bazara ke lalatawa, ya kuma rage dalilin algus.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga kundin UNESCO a 2016. Baƙi na cika bakin kogin Matan Fada, ana baje kolin amfanin gona, ana gasa iri-iri. Ban ga abin da zai hana a ware rumfa guda ga masu nono da masu dawo ba, a sa dattawan da suka san abin su ɗanɗana babu sukari, a ba gwanar shekara kyauta a gaban Sarkin Kabi. Kafin wannan ranar, kai mai saye, ka kurɓa tukuna kafin ka miƙa hannu ga sukari. In ka sami na ƙwarai, ka biya kuɗinsa ba tare da dogon ciniki ba, ka kuma gaya wa mai shi cewa ka gane bambancin.