Tayar Tsere Daban, Tayar Fatauci Daban: Abin Dubawa Ga Masu Motoci A Parakou Da Djougou

Shekara da shekaru, kusan duk motar gwanjon da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano aka nufi arewa da ita, sai ta keta ta Parakou. Tafiyar kilomita 400 da ɗoriya ce daga bakin teku, daga nan kuma hanya ta rarrabu. Wata ta miƙe sama da kilomita 300 zuwa Malanville da gadar Gaya, wata ta yi gabas ta Nikki zuwa Chikanda a kan iyakar Jihar Kwara, wata kuma ta yi yamma kimanin kilomita 135 zuwa Djougou, garin da fataken goro suke kira Zugu tun zamanin da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja. Harkar ta sha duka a 'yan shekarun nan, domin a farkon 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokinta na ƙasa, sannan bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 aka rufe gadar Malanville. To amma motocin da aka riga aka shigo da su suna nan, su ne ke jigilar doya da masara da kashu da kayan masarufi tsakanin kasuwar Arzèkè ta Parakou da Djougou da Kasuwar Allah da ke bakin iyakar Togo.

Matsalar ita ce, irin wannan mota takan iso ne da takalmin da aka yi mata don wata ƙasa. Sau da yawa za ka ga wili ƙato na alminiyam yana walƙiya, an naɗa masa siririyar taya kamar an ɗaura masa zobe. Dillali zai shafa wilin ya ce maka wannan irin na masu tsere ne, yana kama titi ƙam. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba, kuma ragowar maganar ita ce ta shafi aljihunka da ranka.

Bari mu fara da masu tseren da kansu, tun da su ake kafa hujja da su. A Amurka akwai wani wasan mota da suke kira otokuros. Fili ake samu mai kwalta ko siminti, kamar wurin ajiye motoci ko tsohon filin jirgin sama, a jera 'yan robobi masu tsini a fitar da hanya mai yawan kwana, mota ɗaya ta shiga ita kaɗai ana duba agogo. Zagaye guda bai cika wuce minti ɗaya ba, kuma wanda ya ture roba ana ƙara masa daƙiƙoƙi. A irin wannan wasa ƙarfin inji ba shi ne gaba ba, taya ce komai. Don haka suke neman taya mai faɗi, mai gajeren gefe wanda ba ya lanƙwasa a kwana, mai roba mai laushi da ke manne wa kwalta kamar ƙaro. Da yawa daga cikin tayoyin da ake sayarwa a can suna ɗauke da wata lamba a gefe da ke nuna juriyar roba ga suɗewa. Ƙungiyar SCCA mai shirya gasar ta sharɗanta cewa a rukunin motocin hawa na yau da kullum lambar kada ta gaza 200, kuma masu neman nasara a kan 200 ɗin suke tsayawa, alhali tayar da magidanci ke sawa don zirga-zirga takan kai 400 ko 600. Ma'ana, sun san tayar ba za ta daɗe ba, kuma sun yarda. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Shi ɗan wasa minti ɗaya yake nema a filin da aka share masa, babu rami, babu buhu ko ɗaya a bayan mota.

Idan ana son misalin tseren da ya yi kama da hanyoyinmu, to sai a dubi na daji. Gasar Safari ta Kenya, wadda aka fara a 1953 ta kuma dawo cikin jerin gasar duniya a 2021, da gasar Bandama ta Kwaddibuwa da aka fara a 1969, duk a kan burji da gargada da taɓo ake yin su. Bandama ta 1972 ta yi tsananin da ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. A 1975 kuwa Peugeot 504, wannan dai da dattawan direbobinmu suka sani ciki da bai, ita ta cinye Safari ta kuma cinye Bandama. Abin lura a nan shi ne, manyan motocin gasar duniya ta rali wili mai inci 18 ake sa musu idan a kan kwalta za a yi, amma da zarar an koma burji sai a cire a sa mai inci 15 da taya mai tsawon gefe. Mota ɗaya, direba ɗaya, kamfani mai kuɗin da zai iya sayen duk wilin da ya ga dama, amma sai ya rage girman ƙarfe ya ƙara roba da iska. Dalili kuwa a fili yake: gefen taya shi ke shanye dukan dutse da rami kafin ya kai ga wili da shokozoba.

Mai karatu zai iya yin wannan lissafi da kansa a tsaye a gaban mai taya. A ɗauki rubutun da aka fi gani, 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 195. Ta biyu tana cewa tsawon gefe kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, wato kusan milimita 127. Ta ƙarshe girman wili ne, inci 15. Yanzu a sa wa motar 205/55 R16, gefe ya koma milimita 113. A sa 225/45 R17, ya koma 101. A sa 225/40 R18, saura 90. Duk huɗun nan tsayinsu daga ƙasa zuwa sama kusan ɗaya ne, santimita 63 da ɗan wani abu, saboda haka masu cewa babban wili yana ɗaga mota daga ƙasa sun yi kuskure. Ba abin da ya ƙaru sai ƙarfe, ba abin da ya ragu sai matashin iskar da ke tsakaninka da rami.

Titin Parakou zuwa Djougou kwalta ne, haka ma na Djougou zuwa Ouaké. Amma wane ɗan kasuwa ne kayansa ke jiransa a bakin kwalta? Doya a ƙauye take, kashu a ƙauye yake, kuma daga watan Mayu zuwa Oktoba ruwa yakan zaizaye hanyoyin burji ya bar kwazazzabai da duwatsu a waje. Idan siririyar taya ta faɗa rami da lodi, bakin wili yakan datse gefenta ya tsinke zaren ciki, sai ka ga ƙulu ya fito. Tayar da ta yi ƙulu ta gama aiki, ba ta da faci. Shi ma wilin akwai bambanci. Na ƙarfe idan ya lotse mai faci zai buga shi da guduma ya miƙe ka ƙarasa gida, na alminiyam kuwa yakan tsage ne, iska ta riƙa zurarewa. Sannan ga maganar samu: inci 14 da 15 kusan kowane mai taya na ƙaramin gari yana da su a rataye, amma wanda tayarsa mai inci 18 ta yi bindiga da magariba tsakanin Djougou da Bassila, to ya nemi wurin kwana.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa, wato tayar sanyi. A Jamus tun 2010 doka ta wajabta sa tayar hunturu idan akwai ƙanƙara a titi, don haka motoci da tayoyin gwanjo masu yawa da ke fitowa daga Turai irin wannan taya suke ɗauke da ita. Ana gane ta da hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a ciki, galibi tare da haruffan M+S, da kuma ƙananan tsage-tsage birjik a jikin zanenta. Ga ido ta fi kowace kyau, zane mai zurfi, roba mai laushi idan ka danna da farce, shi ya sa take saurin shiga ran mai saye. Kyan ɗan maciji ke nan. An haɗa robarta ne don yanayin da bai kai digiri 7 ba, mu kuwa a Borgou da Donga zafin watan Maris da Afrilu yakan doshi digiri 40 a inuwa, balle a kan kwalta da tsakar rana. A irin wannan zafi tana saurin cinyewa, mota tana yin lilo a kwana, birki kuma yana ƙara nisa kafin ya tsayar.

Ga mai ɗaukar kaya, lambar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wadda aka fi tsallakewa, ta bayan girman wili. Idan ka ga 91H, to 91 na nufin taya ɗaya kilo 615 take ɗauka, H kuma gudun kilomita 210 a awa. Taya huɗu sun ba da kilo 2,460, kuma a cikin wannan har da nauyin motar kanta da mai da direba da fasinja. A cire motar da ta kai kilo 1,300, a cire mutum biyar, a ga buhu nawa ya rage. Lissafin ma bai tsaya nan ba, domin lodinmu a baya yake taruwa, tayoyin baya biyu su ke shan wahalar. Bas irin Toyota Hiace da ƙananan a-kori-kura taya mai harafin C suke buƙata, kamar 195 R15C 106/104, wadda kowace ɗaya ke ɗaukar kilo 950. Sa wa bas tayar ƙaramar mota don kawai ta shiga wilin, kuma ta fi araha, yana cikin abubuwan da ke kifar da mota a kan hanya miƙaƙƙiya ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Shi harafin gudu, V mai 240 ko W mai 270 da dillali ke tinƙaho da shi, ban ga abin da zai amfana wa mai ɗauke da buhunan masara ba.

Abu ɗaya da ya dace a kwaikwaya daga 'yan otokuros shi ne yadda suke bin iska. Kowanensu da ma'auninsa a aljihu, har alli suke shafawa a kafaɗar taya don su ga iya inda ta kwanta a kwana. Mu kuwa da ƙafa ake shurin taya a ce ta yi. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin lodi tana lanƙwasa a kowane juyi, ta ɗau zafi, har robar ta rabu da wayar ciki. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai, yawanci kashi biyu, na mota wayam da na mota cike, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Idan biyu kawai aljihu zai iya saye, masu ƙera taya sun ce a sa sababbin a baya, domin idan baya ya zame a kan jiƙaƙƙen titi sitiyari ba ya ceto.

Saura shekaru. A nemi haruffan DOT a gefen taya, a bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Idan lambobi uku ne kacal, an yi ta kafin shekarar 2000. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma kamfanin Michelin ya ce daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, a shekara 10 a cire ko da zanenta bai taɓu ba. A Turai mafi ƙarancin zurfin zane da doka ta yarda da shi milimita 1.6 ne, kuma akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna an kai wurin. Masu tsallakawa Nijeriya ta Chikanda su ƙara da sanin cewa tayar gwanjo ta ƙananan motoci tana cikin kayan da kwastan suka haramta shigo da su, sannan jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC sun daɗe suna wa'azin cewa shekara 4 ne wa'adin taya, kuma idan suka tsayar da kai sukan durƙusa su karanta waɗannan lambobi huɗun, har da na safaya.