Wa Ke Taka Wa Wasan Burki?

Ga kacici-kacici, mai karatu. A shekarar 2001 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urar wasa mai suna GameCube, wadda babbar ma'ajiyar aikinta megabait 24 ce kacal. Wayar da ke aljihunka yau ta ninka wannan sau ɗari da ɗoriya. To, saka mata Dolphin, manhajar da 'yan sa kai suka rubuta don ta kwaikwayi GameCube, ka buɗe wasan Metroid Prime. Komai na tafiya sumul. Kana harba wani sabon makami, sai hoto ya ƙame, sauti ya sarƙe, can kuma wasan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Tsohuwar na'urar ba ta san wannan tuntuɓe ba. Wa ke taka wa wasan burki?

Wadda za a fara kamawa ita ce ƙwaƙwalwar wayar, kuma zargin yana da tushe. GameCube da harshen PowerPC na kamfanin IBM take aiki, waya kuwa da na ARM. Dole Dolphin ta riƙa fassara umarnin wasan nan take, ana tsaka da wasa. Aiki ne mai nauyi, kuma in babu wannan dabarar ba a zuwa ko'ina: Apple ya buɗe wa manhajojin kwaikwayo kantinsa a watan Afrilun 2024, amma da yake bai yarda da fassarar nan take ba, Dolphin ba ta samu shiga ba. Sai dai ƙwaƙwalwar da ta gaza, jan ƙafa take sa wasa daga farko har ƙarshe, ba ta tsayawa cak ta zabura. Ga kuma shaidar da ta wanke ta: manyan kwamfutoci masu tsada ma sun sha yin tuntuɓen nan, a irin wuraren da waya ke yi. A sallame ta. Saura wa?

Zafi. Galibin wayoyi ba su da fanka, in suka ɗau zafi sai su rage gudu da kansu don kada su lalace. Wanda ya taɓa yin wasa a waya cikin bazarar Sakkwato ya san yadda bayanta ke ƙona tafin hannu. Amma a duba lokaci. Zafi a hankali yake taruwa, ɓarnarsa sai an jima take bayyana. Tuntuɓenmu kuwa ya fi yawa a farkon wasa, waya na sanyi ƙalau, kuma yana raguwa yayin da ake nisa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na uku shi ne wanda jama'a suka fi saurin yanke wa hukunci, wato masu rubuta manhajar. An fara Dolphin a 2003, aka buɗe rubutunta ga kowa a 2008, ta iso Android a 2013, kuma masu aikin a lokacin hutunsu suke yi, ba albashi. Duk da haka wani zai sayi waya mai araha, wasa ya ƙi tafiya, ya huce a kansu. A watan Janairun 2023 mutumin da ya rubuta AetherSX2, mai kwaikwayon PlayStation 2 a Android, ya ajiye aikin, ya ce tsangwama da barazanar kisa sun ishe shi. Wannan zalunci ne, kuma masu wasan ne suka yi asara. Ba kasala ce ta kawo tuntuɓen ba. Mutanen Dolphin sun daɗe da sanin mai laifin, kama shi ne ya gagara.

Mu koma inda abin ya faru. Sake harba makamin nan. Shiru. Sake harbawa. Lafiya lau. Rufe manhajar, ka dawo gobe. Har yanzu babu tuntuɓe. Amma a sabunta manhajar da ke tuƙa injin zanen wayar, wadda ake kira direba, sai ga shi ya dawo. Ashe akwai wani abu da ake ƙerawa a karon farko, a adana shi. Mene ne?

Amsar tana cikin injin zanen GameCube, mai suna Flipper. A cikinsa akwai wani sashe da ake kira TEV, mai matakai har 16 na haɗa launi da haske da inuwa. Idan wasa yana son hayaƙi, ko ƙyallin ruwa, ko walƙiyar bindiga, saitin waɗannan matakai kawai yake juyawa, injin ya bi nan take ba jira. Injinan zane na zamani ba haka suke ba. Kowane salon zane sai an rubuta masa ɗan shirinsa, an miƙa wa direba ya juya shi zuwa harshen injin. Saboda haka duk lokacin da wasa ya juya saiti zuwa wanda ba a taɓa gani ba, sai Dolphin ta rubuta sabon shiri, direba ya hau aiki. Kashi ɗaya cikin sittin na sakan ne rabon kowane hoto. Direba kan ci ninkin wannan sau da yawa. Wasa ya tsaya yana jira. Ga burkin.

Kamar tela ne da ba ya yanka yadi sai mai riga ya iso tsaye a bakin shago. Za ka ce ya ɗinka duka tun da wuri mana. Masu Dolphin sun yi lissafin yawan saitin da TEV kaɗai zai iya ɗauka, suka samu adadi mai lambobi sama da 500 a jere. To a tsallake abin da bai kammala ba, a ci gaba da wasa? An gwada. Abubuwa sai su ɓace daga allo su bayyana daga baya, wasu wasannin kuma sau ɗaya suke zana abu su adana, in an tsallake shi ya tafi ke nan.

Maganin da aka samo ya burge ni ƙwarai. Wani ɗan sa kai da ake kira phire ya ce a daina bin saiti ɗaya-ɗaya, a rubuta ƙaton shiri guda wanda zai kwaikwayi injin Flipper gaba ɗayansa, ya karanta kowane saiti ana cikin wasa. Babbar riga ke nan mai shiga kowa, a saka ta kafin tela ya gama ta ƙa'ida a bayan fage. Wani ɗan sa kan, Stenzek, ya ƙarasa aikin, aka fitar da shi a watan Yulin 2017 da sunan Ubershaders. A kan kwamfuta mai ƙarfi tuntuɓen ya kau. An rufe shari'a?

A waya, da sauran magana. Ƙaton shirin yana yi wa ƙaramin injin zane nauyi, kuma shi ma ta hannun direba zai bi. Tun 2013 masu Dolphin suka bayyana wa duniya irin kura-kuran da suka tarar a direbobin injinan zanen Adreno na Qualcomm da Mali na ARM. Direban a kulle yake, ɗan sa kai ba ya ganin cikinsa balle ya gyara. Yawanci tare da manhajar wayar yake zuwa, in kamfani ya daina sabunta wayar, kuskuren ya zauna daram. Abin da ya rage shi ne kewaye: a cikin rubutun Dolphin akwai wani fayil mai suna DriverDetails, inda aka jera direbobi da cutar kowanne, don manhajar ta san inda za ta kauce. Kowane layi a ciki wani ne ya hana idonsa barci kafin ya gano shi, sau da yawa ma a kan wayar da ba ya da ita, sai bayanin da wani ya aiko daga nesa.

An samu ƙofa guda. Masu wani aikin rubuta direbobi mai suna Mesa sun rubuta buɗaɗɗen direba mai suna Turnip, aka kuma samo hanyar da manhajar kwaikwayo za ta ɗora shi a madadin na kamfani ba tare da an fasa wayar ba. Sai dai Adreno kaɗai yake tuƙawa. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwannin Kano da Maraɗi ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc gare su, injin zanensu Mali ne ko PowerVR, kuma masu su da direban da ya zo a kwali za su ci gaba da wasa.